Ceki, taransifa da kuɗin da suka salwanta a Amurka: wa doka take ɗora wa asarar?

Duk wanda ya tashi a Najeriya ya saba da cewa harkar banki ta gwamnatin tarayya ce, tsarin mulkin 1999 ya saka ta cikin abubuwan da majalisar Abuja kaɗai ke yi wa doka, majalisar jihar Kano ko ta Sakkwato ba ta da ta cewa kan ceki ko taransifa. To a Amurka ba haka abin yake ba fa. Can idan ka rubuta wa mai gidan haya ceki, ko ka shiga banki kace a tura maka dala dubu hamsin kafin alƙalamin gidan da za ka saya, dokar da za ta fara hawa kan maganar ta jihar ce, sai daga baya dokokin tarayya su shigo ta wasu ƙofofi. Kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a Bronx da Harlem da sauran garuruwa, masu tasi da masu shago da masu turo motoci gida, da yawansu sai ranar da kuɗi suka ɓace suke jin labarin wannan doka, lokacin kuwa wa'adin da ta ba su ya riga ya wuce.

Jihohi 50 kowacce da dokarta, ai da an bar shi haka cekin da aka rubuta a Teksas aka kai banki a Ohayo sai ya zama rigima. Shi yasa wasu ƙungiyoyin lauyoyi biyu suka zauna suka rubuta kundin dokar kasuwanci na bai ɗaya da ake kira UCC, wani farfesa Karl Llewellyn ne ya ja ragamar aikin, aka fitar da shi a 1952, jihar Fensilbaniya ta fara amincewa da shi a 1953. Shi kansa kundin ba doka bane, samfuri ne, sai majalisar jiha ta ɗauka ta zartar sannan ya zama doka a jihar, kuma tana iya taɓa nan ta taɓa can. Babi na 3 shi ke magana kan ceki da takardun alkawarin biya, babi na 4 kan alaƙar banki da mai ajiya da yadda ceki ke yawo tsakanin bankuna, babi na 4A kuma wanda aka ƙaro a 1989 shi ne na taransifar banki zuwa banki. An yi wa babi na 3 da na 4 garambawul a 1990, kusan duk jihohi suka karɓa, amma jihar Niyok, cibiyar kuɗin ƙasar gaba ɗaya kuma inda mutanenmu suka fi yawa, ta ci gaba da aiki da tsohon rubutun. Don haka idan wani a Jojiya ya gaya maka doka tace kaza, kai kana Bronx, kar ka ɗauka lallai lambobin iri ɗaya ne.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan doka ba ta bin ɓarawo. Bin ɓarawo aikin 'yan sanda ne. Ita ta ɗauka ɓarawo ya riga ya gudu da kuɗin ba za a same shi ba, sai ta tsaya tsakanin mutane biyu da babu wanda ya yi sata a cikinsu, kai da banki, ko bankinka da wani banki, tace to wa zai ɗauki asarar. Amsarta kusan kullum tana bin abu biyu, wa ya fi kowa damar toshe ƙofar tun farko, kuma wa ya yi magana a kan lokaci.

A ceki ƙa'idar farko tana gefenka. Banki ba shi da ikon cire kuɗi daga asusunka sai kan cekin da kai ka ba da izini, idan wani ya ƙirƙiri sa hannunka banki ya biya, asarar banki ce, dole ya mayar maka. Wannan tsohuwar magana ce tun daga Ingila, shari'ar Price da Neal ta 1762 inda alƙali Lord Mansfield yace wanda aka rubuta wa umarnin biya shi ya kamata ya san sa hannun mai hulɗa da shi. Amma sai doka ta juyo kanka tace kai ma kana da aiki, duk lokacin da banki ya turo maka takardar bayanin asusu dole ka duba. Idan mutum ɗaya ne yake ta maimaita satar, misali ɗan aikin shagonka yana zarar takarda ɗaiɗai daga littafin ceki, kuma ka wuce kwana 30 da samun takardar farko baka ce uffan ba, to cekunan da suka biyo baya banki zai iya cewa naka ne, a tsohon rubutun da Niyok ke bi ma kwana 14 ne. Idan kuma shekara ta cika baka kai ƙorafi ba shikenan maganar ta mutu ko da bankin ne ya yi sakaci. Abin da ya fi ci min rai anan shi ne bankuna suna rage wannan shekara ɗayan a cikin yarjejeniyar buɗe asusu, wannan doguwar takardar da ake cewa ka sa hannu anan da nan, su mayar da ita kwana 60 ko 30, kuma kotuna da yawa sun amince musu. Mutum ya tafi gida Agadas ko Kumasi ya yi wata uku, ya dawo ya tarar an kwashe, yaje banki ace masa ai lokaci ya wuce.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke ba mutane mamaki. Idan ka rubuta adadi da lamba ka kuma rubuta da kalmomi suka saɓa, kalmomin ake bi. Cekin da ya haura wata shida banki ba dole ya biya ba, amma idan ya biya da kyakkyawar niyya ba laifi. Wanda ka sa wa kwanan watan gaba kana cewa kar a kai sai ƙarshen wata, a mafi yawan jihohi banki zai iya biyansa yau ɗin nan sai dai in ka sanar da shi tun da wuri, don na'ura ce ke karanta layin lambobin nan na ƙasan ceki, babu wanda ke zaune yana duba kwanan wata. Idan kuma ka ce a dakatar da biyan ceki, faɗa da baki kwana 14 kawai yake aiki sai ka tabbatar a rubuce, na rubuce kuma wata shida ne sai ka sabunta, kuma dakatarwar ba ta goge bashin da ake binka ba.

Inda aka fi yi wa mutane illa shi ne wajen ajiye ceki. A ce ka saka mota kasuwa a intanet kan dala 6,000, wani ya turo maka ceki na 8,500 da tambarin banki da komai, yace afuwan akawunsa ne ya yi kuskure, ka ajiye ka tura wa mai ɗaukar motar ragowar 2,500. Ka sa hannu a bayan cekin ka kai banki ko ka ɗauki hotonsa gaba da baya da manhajar waya, bayan kwana biyu ka duba ka ga kuɗi sun fito, ka ce alhamdulillahi ya shiga, ka tura. Bai shiga ba wallahi. Abin da ya faru shi ne akwai dokar tarayya ta 1987 da ta tilasta wa bankuna su saki kuɗin ceki da wuri don a baya suna riƙe wa talaka kuɗinsa kwana da kwanaki, yanzu dala 275 na farko washegari ake sakinsu, saura kuma yawanci a rana ta biyu ta aiki. Sakin kuɗi daban, biyan ceki daban. Dokar jiha a babi na 4 tace abin da bankinka ya zuba maka na wucin gadi ne, shi wakilinka ne kawai wajen karɓo kuɗin, idan cekin ya dawo yana da ikon zare abinsa daga asusunka, ga kuma sa hannun da ka yi a baya wanda a doka alkawari ne cewa in ba a biya ba kai za ka biya. Cekin ya dawo, an zare 8,500, su 2,500 ɗin da ka tura kuwa daga aljihunka suka fita.

Za ka ce to ai bankin da aka rubuta cekin a kansa shi ma yana da wa'adi. Eh yana da shi, kuma mai tsauri, dole ya dawo da ceki kafin sha biyun daren ranar aiki da ke bin ranar da ya karɓa, in ya wuce ya zama nasa. Amma 'yan damfara sun san wannan, sukan buga lambobin da za su sa takardar ta yi ta yawo kafin ta isa inda za a gane ta, ko kuma su sace cekin gaske daga akwatin gidan waya su wanke sunan da adadin da sinadari su rubuta nasu. A irin wannan na biyun, wato cekin da aka sauya, asarar komawa baya take yi zuwa bankin da ya fara karɓa sannan zuwa wanda ya ajiye, kuma ana iya taso da maganar bayan watanni. Hukumar FinCEN ta ma'aikatar kuɗin Amurka ta fitar da gargaɗi kan satar ceki daga wasiƙu a Fabrairun 2023, tace rahotannin zargin damfarar ceki da bankuna suka kai mata sun haura 680,000 a 2022, kusan ninkin na shekarar da ta gabata.

Yanzu taransifa, wadda ita ce ta fi damuna. Kafin 1989 tiriliyoyin daloli na wucewa ta hanyoyin tura kuɗi tsakanin bankuna, wato Fedwire na babban bankin Amurka da CHIPS na manyan bankunan Niyok, ba tare da wata cikakkiyar doka ba, alƙalai lalube kawai suke. Shari'ar da ta tsorata bankuna ita ce ta wani kamfanin ƙarafan bola na Shikago da ya yi hayar jirgin ruwa mai suna Pandora yana kai kaya Birazil. A 1973 ya tura dala 27,000 kuɗin haya, saƙon teleks ya isa wani banki a Janeba amma ba a aiwatar ba, mai jirgin da dama yana neman hanyar fita don farashin haya ya tashi sai ya soke kwangilar. Kotun farko tace bankin ya biya kamfanin wajen dala miliyan 2.1, a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta bakin alƙali Richard Posner ta rushe hukuncin, tace bankin bai san abin da ke rataye da wannan dubu 27 ɗin ba, kamfanin ne ya sani kuma shi ya jira sai dab da wa'adi. Da aka zo rubuta babi na 4A sai aka bi wannan hanya har aka ƙara ɗaure ta, banki ba zai biya asarar da ta biyo bayan jinkiri ko kuskure ba sai in ya yarda da hakan a rubuce, abin da za ka samu shi ne kuɗinka da kuɗin ruwa da ɗan abin da ka kashe.

Yadda babin ke kallon abin, taransifa ɗaya jerin umarnin biya ce. Kai ka ba bankinka umarni, shi ya ba wani banki na tsakiya nasa umarnin, na tsakiya ya ba bankin mai karɓa, kowanne umarni da nasa hukuncin. Akwai kariya mai kyau a ciki, idan kuɗin basu isa bankin mai karɓa ba, ko ina suka maƙale a hanya, bankinka ne zai mayar maka. Amma da zarar bankin mai karɓa ya karɓi umarnin to magana zarar bunu ce, ba ka da ikon sokewa sai in shi ya yarda, kuma a Fedwire wannan cikin mintuna yake faruwa. Shi yasa idan mutum ya kira banki a gigice yace a dawo da kuɗina, abin da bankin zai iya kawai shi ne roƙon ɗaya bankin.

Sai maganar suna da lamba. Mu a Najeriya ka saka lambar asusu a manhaja sunan mai shi ya fito ka gani kafin ka danna, har mun ɗauka haka duniya take. A ƙarƙashin 4A idan ka rubuta sunan kamfanin da kake son biya da gaske amma lambar asusun ta ɗan damfara ce, bankin mai karɓa yana da ikon bin lambar kawai, ba dole ya duba ko sunan ya dace ba, sai in ya san da saɓanin sani na haƙiƙa. Kuma bankinka ya riga ya rubuta maka gargaɗin hakan a cikin fom ɗin da ka sa wa hannu. Nan ne masu kutsen imel ke cin kasuwarsu, su shiga akwatin lauyan da ke kula da cinikin gida ko na dilan da kake saro kaya, su yi shiru suna karanta wasiƙu har ranar biya ta matso, sai su turo saƙo da tambari iri ɗaya da gaisuwa iri ɗaya cewa mun canja banki ga sabuwar lamba. Wani kamfanin kayan gini mai suna Studco ya yi asarar sama da dala dubu 550 ta wannan hanya, ya kai ƙarar cibiyar ajiyar da ta karɓi kuɗin a Bajiniya, ya ci a kotun farko, amma a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, tace ko da na'urar cibiyar ta nuna saɓanin suna, tunda babu ma'aikacin da ya gani to ba a kira shi sani ba.

Idan kuma ba kai ka tura ba, kutse aka yi aka tura da sunanka, a nan doka tana duba matakan tsaron da kuka amince da su kai da banki. In matakan sun kai abin da ya dace a kasuwance kuma banki ya bi su da gaskiya, umarnin ya zama naka ko da baka san da shi ba, sai dai ka tabbatar ɓarawon bai samo faswod ɗin daga ɓangarenka ba, abu mai wuyar gaske tunda yawanci ta kwamfutarka aka shigo. Shari'u biyu sun nuna yadda abin ke juyawa. Kamfanin gine-gine na Patco a jihar Men an kwashe masa wajen dala 588,000 cikin 'yan kwanaki a Mayun 2009, na'urar bankin ta nuna alamar haɗari sosai amma babu wanda ya duba balle ya kira su, a 2012 kotun ɗaukaka ƙara tace tsaron bankin bai kai ba. Shi kuwa kamfanin Choice Escrow na Misuri dala 440,000 aka kwashe daga asusunsa aka tura Saifurus, amma bankin ya nuna ya taɓa ba su tsarin mutum biyu, ɗaya ya shigar ɗaya ya amince, suka ƙi don ma'aikatansu kaɗan ne, a 2014 kotu tace asarar tasu ce, har da kuɗin lauyoyin banki.

Bankuna ma sukan faɗa ramin. A Agustan 2020 Citibank ya yi niyyar tura kuɗin ruwa na 'yan miliyoyi ga masu bin kamfanin Revlon bashi, sai ya tura kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa, wasu suka mayar wasu suka riƙe wajen miliyan 500 suna kafa hujja da wani hukuncin Niyok na 1991, na Banque Worms, da yace wanda yake bin bashi in aka biya shi bisa kuskure ba tare da ya sani ba, yana iya riƙewa. Alƙalin farko ya ba su gaskiya a 2021, sai a Satumban 2022 kotun sama ta juya. Shekara biyu da rundunar lauyoyi kafin babban banki ya karɓo kuɗinsa, to ina ga direban tasi.

Ra'ayina a nan a fili yake. An rubuta 4A ne don bankuna da manyan kamfanoni masu lauyoyi da akantoci, a zamanin da talaka ba ya kusantar irin wannan taransifa, kuma don su ƙa'idar tana da ma'ana, kuɗi masu yawa na tafiya da sauri da araha saboda kowa ya san in an biya an biya. Amma yau wannan dokar ce ke hukunci kan matar da ta shekara goma tana aikin jinya dare da rana tana tara kuɗin gida, kuma ta tura su daga wayarta. Dokar tarayya ta 1978 da ke kare masu katin cirar kuɗi da manhajoji tana da sauƙi sosai, in ka kai rahoto cikin kwana biyu na aiki asararka ba ta wuce dala 50, bayan haka 500, kuma kana da kwana 60 daga takardar bayanin asusu, amma an daɗe ana fassara ta da cewa ba ta shafi taransifar Fedwire ba. Babbar lauyar jihar Niyok Letitia James ta kai Citibank kotu a Janairun 2024 tana ƙalubalantar wannan fassarar. Ko a Zelle ma, wato manhajar tura kuɗi ta bankunan Amurka, kariyar tana aiki ne in wani ne ya tura ba da izininka ba, in kai aka yaudara ka danna da hannunka doka na ɗaukarsa da izininka ne. Ingila ta fara tilasta duba suna da lamba tun 2020, daga Oktoban 2024 kuma ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara har fam 85,000, ni ban ga dalilin da zai sa majalisun jihohin Amurka su kasa gyara sashe ɗaya na suna da lamba ba alhali na'urar da za ta duba tana nan.

Kuɗin da ake turowa gida kuwa suna da tasu ƙa'idar ta tarayya da ta fara aiki a Oktoban 2013. Idan mutum ya tura wa iyalinsa a Kano ko Maraɗi ko Tamale ta kamfanin tura kuɗi ko banki, dole a nuna masa farashin canji da cajin da za a cire da abin da zai isa hannun mai karɓa kafin ya biya, yana da minti 30 ya soke in ba a riga an karɓa ba, kuma yana da kwana 180 daga ranar da aka ce kuɗin za su isa ya kai ƙorafin kuskure. Rasit ɗin da suke bayarwa shi ke ɗauke da wannan ranar da lambar da za a kira, wanda kuma ya miƙa dala hannu da hannu ga wani ɗan'uwa a shago aka biya naira ko sefa a gida ba shi da wannan rasit ɗin.